FlightGear a kan tsohuwar laftof: yadda na lallaɓa shi har ya daina kakkamewa

Ranar da na fara buɗe FlightGear, ƙaramin jirgin nan Cessna 172 yana zaune a bakin titin tashi na Keflavik a ƙasar Aisland, injin na ta gurnani a kunnena, sai na riƙe maus na juya kai zuwa hagu don in ga fiffike. Hoton bai bi hannuna ba. Taku-taku ya riƙa zuwa, kamar ana buɗe min shafin littafi ɗaya bayan ɗaya, kuma da na tashi sama na zo sauka abin ya fi muni, don daidai lokacin da ya kamata in ɗan ɗaga hancin jirgi sai allon ya kame na ɗan daƙiƙa, kafin ya dawo har na bugi ƙasa. Raina ya ɓaci sosai wallahi, don na daɗe ina son in koyi yadda ake tuƙa jirgi ko da a kwamfuta ne. Yau kusan kullum sai na hau shi, a kan laftof ɗin nan dai ban canza ta ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani, mai kyau da wanda bai min ba, musamman ga waɗanda kwamfutarsu ba ta da ƙarfi irin tawa.

Ga wanda bai san shi ba, FlightGear manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ce, kyauta ce gaba ɗaya kuma lambobinta a buɗe suke ƙarƙashin lasisin GPL, kowa na iya dubawa ya gyara. Tun wajen 1997 ake aikinta, masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke riƙe da ita, tana tafiya a Windows da Linux da macOS. Akwai jirage ɗaruruwa, daga mai farfela ɗaya har manyan jiragen fasinja, har da jirgin zuwa sararin samaniya na Amurka, sannan duniya ce sukutum a ciki, TerraSync yana sauko maka da ƙasar da kake bi ta kai ta intanet kana cikin tafiya. Wajen ingancin tashi kam ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Inda mutum zai sha fama shi ne wajen hoto, kuma hukuncina a nan shi ne: manhajar ta cancanci a sauke ta, amma ba irin wadda za ka buɗe kawai ta daidaita kanta da kwamfutarka ba ce, sai ka zauna ka lallaɓa ta.

Kuskuren da na fara yi, wanda na ga kusan kowa na yi, shi ne na ɗauka laifin katin hoto ne kawai. Na shiga na rage girman allo, na kashe duk wata kwalliya, abin ya zama mummuna amma saurin bai wani ƙaru ba. Ashe ban auna komai ba, canka kawai nake. To aunawa ita ce farko. A menu ɗin View akwai wajen da za ka kunna adadin firam, wato hotunan da ake zana maka a daƙiƙa ɗaya, zai fito a ƙasan allo, kuma kusa da shi akwai wata lamba ta biyu da na fi ɗauka da muhimmanci yanzu, wato jinkirin firam mafi muni. Lissafin mai sauƙi ne, idan kana samun firam 60 a daƙiƙa to kowane ɗaya yana cin kusan milisakan 17, idan 30 ne yana cin 33. Amma za ka iya ganin 30 a rubuce alhali a ciki akwai guda ɗaya da ya ci milisakan 200, to wannan guda ɗayan shi ne kamewar da idonka ke gani, shi ne yake ɓata maka sauka. Lambar farko ba ta nuna shi, ta biyun ce ke tona shi.

Bayan nan sai menu ɗin Debug, inda ake kunna ƙididdigar OpenSceneGraph, wato injin da FlightGear ya koma zana hoto da shi tun 2008. Idan ka danna sau biyu za ka ga wasu sanduna masu launi sun jeru a saman allo suna motsi, kowace da sunanta. Update shi ne lokacin da ake lissafin jirgi da yanayi da duk abin da ke motsi, Cull shi ne lokacin da ake tantance me ke gaban idonka me ke bayanka, Draw mai ruwan ɗorawa shi ne lokacin da furosesa ke miƙa wa katin hoto umarni, sai GPU mai ruwan lemo wanda shi ne ainihin aikin katin. Na zauna ina kallonsu jirgi na fake, sai na ga sandar GPU gajeriya ce, ta Cull da ta Draw su ne suka miƙe zar. Ma'ana katin yana zaune yana jira ne, furosesa ce ta gaji. Daga ranar na gane inda zan sa hannu.

Dalilin kuwa shi ne babban zagayen FlightGear kusan a kan zare ɗaya yake tafiya, wato layin aiki guda, ko furosesarka na da ƙwaƙwalwa (core) takwas yawancin nauyin guda ɗaya ce ke ɗauka. Lissafin tashi, ko na JSBSim ko na YASim, wato injinan da ke lissafa motsin jirgi, sau 120 ake yin sa a daƙiƙa, ga rubutun Nasal, yaren shirye-shiryen FlightGear da jirage ke amfani da shi, ga yanayi, duk a layi ɗaya suke. Sannan abin da ya fi wahalar da wannan tsari yawan abubuwa ne, ba girmansu ba. Dutse ƙato guda ɗaya ba komai ba ne, amma ƙananan abubuwa dubu kowanne da nasa fentin da nasa umarnin, kamar fitilu da motoci da shinge da jiragen da ke fake a filin jirgi, su ne suke cinye lokaci. Shi ya sa za ka tashi a wani ƙaramin tsibiri komai sumul, ka je manyan filayen jirgi irin su Heathrow ko Frankfurt ko Schiphol abin ya durƙushe, alhali saitin bai canza ba.

Kafin in shiga saiti, akwai abu ɗaya da masu laftof za su fara dubawa. Yawancin laftof masu katin hoto na daban suna da guda biyu ne, ƙaramin da ke cikin furosesa don adana batir da babban. Tawa ashe da ƙaramin take buɗe manhajar, babban na kwance ba ya komai. A menu ɗin Help wajen bayanin manhaja za ka ga sunan katin da OpenGL, tsarin zana hoton, ke amfani da shi, idan ba babban ba ne ka je saitin hoto na Windows ka ce a ba fgfs, wato fayil ɗin manhajar, babban ƙarfi, a Linux kuma akwai DRI_PRIME=1 ko prime-run gwargwadon irin katinka. Ka sa caja, ka cire yanayin adana wuta, ka sabunta direban katin, ka kuma ɗaga bayan laftof ɗin ta samu iska don idan ta yi zafi da kanta take rage gudu. Wannan kaɗai ga wasu ya isa.

To yanzu saitin. Na bi su ne ɗaya bayan ɗaya, jirgi ɗaya, fili ɗaya, lokaci ɗaya, ina kallon waje ɗaya, in canza abu guda in duba lamba sannan in mayar. Don Allah kada ka canza biyar a tare, ba za ka taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne zirga-zirgar jiragen da kwamfuta ke tuƙawa da kanta. Suna da kyau, suna sa fili ya zama kamar da rai, kana fake kana ganin wani na juyawa wani na tashi, amma kowanne cikakken jirgi ne da sai an loda shi an zana shi an kuma lissafa hanyarsa. A babban fili da na kashe su sandar Cull ta ja baya nan take. Ana kashewa daga menu ɗin AI, ko ka rubuta --disable-ai-traffic a akwatin ƙarin saiti na allon farko kafin ka tashi. Haka ma idan ka shiga tashi da mutane ta intanet, jiragen wasu ma nauyi ne, wani zai zo da jirgi mai tarin kaya ya faka kusa da kai ka ji komai ya tsaya cak na ɗan lokaci ana loda shi.

Na biyu nisan gani. Wannan kam shi ne uban tafiya, don idan ka ninka nisan da kake hangowa sau biyu, faɗin ƙasar da za a loda ya ninka kusan sau huɗu ne ba biyu ba, da duk itatuwa da gidajen da ke kanta, ga ram da zai cika. Harafin z yana ƙara nisa, babban Z yana ragewa, sannan a View akwai wajen daidaita zangon LOD, wato yawan bayanin da ake zanawa gwargwadon nisa, inda aka kasa abubuwa gida uku: na kusa masu cikakken bayani, na tsakiya, da ƙasa tsura ta can nesa. Na rage na kusa da na tsakiya sosai, na bar na nesa da ɗan dama don duwatsu su riƙa fitowa. Gaskiya a ƙaramin jirgi da ke tafiya ƙasa-ƙasa ban ma ji na rasa komai ba, ai a zahiri ma hazo yana rufe nesa, kuma da na rage sai abin ya fi min kama da gaske. Mai tuƙa babban jirgi a ƙafa 35,000 shi ne zai so ya ƙara na nesa, amma shi kuma ba ruwansa da itatuwa a can sama, sai ya rage su.

Itatuwa da gine-gine. Akwai itatuwan da manhajar ke watsawa da kanta gwargwadon irin ƙasar, ana iya zaɓar yawansu daga kaɗan sosai har zuwa daji mai duhu, ni dai matsakaici ko ƙasa da haka na bari, kuma na kashe inuwarsu. Gine-gine iri biyu ne, akwai waɗanda ake ƙirƙira a watsa kawai a inda aka ce gari ne, akwai kuma na osm2city da aka ɗauko daga taswirar OpenStreetMap, gida yana inda yake a zahiri, da tituna da turakun wuta. Na biyun nan abu ne mai ban sha'awa ƙwarai, ka bi ta kan gari kana gane unguwanni, amma a kan babban birni kamar Faris ko Landan suna cin ram ba kaɗan ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in zan yi yawon kallo a ƙaramin gari in kunna, in zan yi atisayen sauka a babban fili in kashe. Kada dai ka kunna iri biyun tare da kwalliyar birni ta shada da zan yi bayani yanzu, aiki uku ne a kan abu ɗaya.

Shadojin nan su ne ƙananan shirye-shiryen da katin hoto ke amfani da su wajen yi wa ƙasa da ruwa da jikin jirgi kwalliyar haske. A Rendering Options akwai wata sanda daga 0 zuwa 5, amma na fi ba da shawarar a zaɓi saitin hannu don kowanne ya samu tasa sandar. Na birni da na ruwa su ne masu nauyi a wajena, na jikin jirgi kuma ban ga ya ci wani abu sosai ba. Nan ne kawai rage girman allo da rage gyaran bakin layi (anti-aliasing) suke taimako, wato idan sandar GPU ce doguwa. Idan ba ita ba ce, ka bar allonka yadda yake, kana ɓata hoto ne a banza.

Sai ALS, tsarin da ke lissafa yadda hasken rana ke watsuwa cikin iska. Ina ƙaunar wannan abu. Akwai wata yamma da na taso daga Keflavik na nufi Reykjavik rana na faɗuwa, sama ta yi ja ta koma shuɗi mai duhu a hankali, hazo ya kwanta a kan teku, hasken ya bugi gilashin gaba, wallahi sai da na saki komai na tsaya kallo. Da farko na kashe shi don na ɗauka shi ne matsalar, daga baya na gane idan katinka na daban ne ko da tsoho ne, gara ka bar ALS a kunne ka rage sandunan shada zuwa 1 ko 2, ka kashe wasu abubuwan can. Abin da yake ba ka ya fi abin da yake ci. Mai ƙaramin katin cikin furosesa ne kawai zan ce ya gwada kashewa. Tsohon tsarin nan Rembrandt mai inuwa da fitilu kuwa an riga an ajiye shi, sababbin fitowa kamar 2024.1 sun koma sabon tsarin zane mai suna Compositor wanda ya zo da nasa inuwar da hasken, to idan ka ci karo da tsohon bayani yana cewa ka kunna Rembrandt ka wuce kawai. Inuwa dai a ko'ina tsada gare ta, don sai an sake zana abubuwan ta ɓangaren rana, ita ce farkon abin da zan rage a sabuwar fitowa.

Gajimare ma suna da nasu. Masu kauri ɗin nan da kake shiga cikinsu tarin hotuna ne masu shara-shara da aka jera a kan juna, katin yana fenta wuri ɗaya sau da yawa, shi ya sa ranar hadari firam ke sauka. Akwai sandar yawansu da sandar nisan da za a nuna su, rage nisan ya fi amfani a wajena. Kuma idan ka bar yanayin gaske na METAR, rahoton yanayi na filayen jirgi, a kunne kana gwaji, sakamakonka zai riƙa canzawa don sama na canzawa, ka sa yanayi tsayayye tukuna. Babban tsarin yanayi, wanda ke kawo iska mai hawa da ta kan duwatsu, da Nasal aka rubuta yawancinsa saboda haka furosesa yake ci, ni ina kunna shi ne idan zan tashi da jirgi mara inji.

Wannan ya kawo ni kan abin da har yanzu bai gama min daɗi ba. Nasal yana da mai share shara na ƙwaƙwalwa, lokaci-lokaci sai ya tsaya ya kwashe abin da aka gama amfani da shi, kuma a jirgi mai tarin rubutu wannan tsayuwar ana jin ta, ɗan tsaiko da ke dawowa bayan wasu daƙiƙoƙi. Manyan jiragen fasinja masu allunan gilashi a ɗakin matuƙi, waɗanda ake zana musu taswira da alƙaluma da tsarin zanen allo na Canvas, su ne suka fi yi. Babu wani saitin hoto da zai gyara maka wannan, don ba hoto ba ne. A Debug akwai tagar da ke nuna lokacin da kowane sashe ke ci, in ka ga Nasal ne a sama to jirgin ne, ka gwada da jirgin ufo ɗin nan da ke zuwa da manhajar wanda kusan ba shi da komai, a wuri ɗaya, bambancin da ka gani shi ne nauyin jirginka. Wasu jiragen masu yin su sun sa wajen rage saurin sabunta allunan, in akwai ka yi amfani da shi.

Ɗaya tsaikon kuma na loda ƙasa ne, irin wanda ya same ni ranar farko. Kana tafiya ana ɗauko sabon yanki daga faifai, duk da a bayan fage ake karantawa, lokacin da za a miƙa hotunan ga katin sai an ɗan ji. Abu uku suka rage min shi: na mayar da manhajar da jakar TerraSync kan SSD, na kunna ma'ajiyar hotuna da ke mayar da su nau'in fayil na DDS don karo na biyu ya fi sauri, sannan idan zan je sabon wuri nakan fara buɗe filin da zan sauka in bar shi ya gama saukewa kafin in koma in taso. Karon farko bayan kunna ma'ajiyar zai ma fi jinkiri don yana gina ta ne, kada ka tsorata ka kashe.

Akwai kuma saitin zare, /sim/rendering/multithreading-mode, da ake iya sa masa DrawThreadPerContext ko CullDrawThreadPerContext don a raba aikin zane da babban zagaye. Ni ya ɗan taimaka min, amma abu ne da ya danganta da kwamfuta da direba, in ka ga manhajar ta fara rufewa da kanta ka mayar da shi yadda yake.

Abin da ban so ba a matsayina na mai amfani shi ne yadda saitin nan suke a warwatse, wani a allon farko, wani a View, wani a Environment, wani sai ka shiga bishiyar kadarori (property tree), jerin saitunan cikin manhajar, ka lalubo shi da hannu, kuma babu abin da zai ce wa sabon shiga ga wanda ya fi ci maka lokaci. Bayanan da ke intanet ma da yawa na tsofaffin fitowa ne. Na san masu sa kai ne ke yi a lokacin hutunsu kuma ina girmama hakan matuƙa, amma na tabbata mutane da dama sun goge shi a ranar farko saboda wannan, alhali gyaran awa ɗaya ne ya raba su da abu mai kyau. A ɗaya ɓangaren kuma wannan buɗewar ita ce daɗinsa, babu abin da aka kulle maka, duk abin da ke motsi kana iya ganin lambarsa ka taɓa.

Na ƙarshe da na yi shi ne na ƙayyade firam ɗin da kaina. A Rendering Options akwai wajen taƙaita gudu, na sa 30. Da farko na ji kamar asara ce tunda a sama wani lokaci yana wuce haka, amma hoton da ke tsalle daga 50 zuwa 22 ya dawo ya fi gajiyar da ido da hannu a kan wanda ya tsaya a 30 bai motsa ba, ga laftof ɗin ta rage zafi, fankarta ta yi shiru, kuma tunda ba ta zafi ba ta rage gudu a tsakiyar tafiya. Jiya da daddare na sake yin saukar nan ta Keflavik da Cessna ɗin, fitilun gefen titi biyu fari biyu ja, alamar ina kan daidai, na rage mai, na ɗaga hanci a hankali, lambar jinkirin da ke ƙasan allo tana nan wajen talatin da wani abu har tayoyin baya suka taɓa kwalta.